Auna Tsaurin Yanar Ruwa: Na'urorin da Suka Tona Asirin Numfashin Bakwaini

Duk wanda ya taɓa barin kunu ko dafaffiyar madara ta huce ya san yana, wato 'yar fatar nan da kan kwanta a sama. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ruwan sha ma yana da irin tasa yanar, sai dai ita ba a ganin ta, ba kuma a iya kwashe ta da cokali. Mai karatu zai iya tabbatar da haka a gida. A cika kofi da ruwa, a ɗora 'yar guntuwar takarda mai laushi a sama, a aza busasshiyar allura a kanta. Idan takardar ta jiƙe ta nutse, allurar za ta tsaya a saman ruwan, alhali ƙarfen da aka yi ta da shi ya kusa ninka ruwa nauyi sau takwas. In aka ɗiga ruwan sabulu a gefen kofin, nan take allurar za ta faɗa ƙasa.

Abin da ya riƙe allurar shi ne muke kira tsaurin yana. Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu. Wadda ke tsakiyar kofi ana jan ta ta kowace fuska, don haka ba ta jin komai. Amma wadda ke sama ba ta da 'yan'uwa a bisanta, iska ce kawai, saboda haka ana jan ta ne ciki da gefe. Wannan ne ke sa saman ruwa ya ɗame kamar fatar ganga, kullum yana neman ya tsuke. Ana auna tsaurin da yawan ƙarfin ja a kan kowace mita ɗaya ta tsawo, ana rubuta shi mN/m, wato milinyutan a kowace mita. Tsaurin tsabtataccen ruwa kusan 72 ne a zafin digiri 25, ya kan sauka zuwa kusan 70 a zafin jikin mutum, digiri 37. Na sinadarin etanol kusan 22 ne. Tsofaffin littattafai suna rubuta dayin a kowace santimita, amma lambar ba ta canzawa.

Me ya haɗa wannan da asibiti?

A cikin huhun babban mutum akwai 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi. Wani ƙiyasi da aka buga a 2004 ya ba da kimanin miliyan 480. Cikin kowace jaka a jiƙe yake da siririn ruwa, ke nan kowace jaka kamar ƙwayar kumfa ce, yanarta na ƙoƙarin tsukewa. Tun farkon ƙarni na 19 Thomas Young na Ingila da Pierre-Simon Laplace na Faransa suka fitar da lissafin matsin da ake bukata don hana irin wannan ƙwaya rufewa: a ninka tsauri sau biyu, a raba da rabin faɗin ƙwayar.

Mu gwada da lambobi. A ce rabin faɗin jaka milimita 0.1 ne, kuma ruwan da ke cikinta ruwa ne zalla mai tsauri 70. Matsin zai zama faskal 1,400, daidai da nauyin ruwa mai zurfin santimita 14. Idan mutum ya fitar da numfashi jakar ta ragu zuwa rabi, matsin ya ninka ya koma santimita 28. Wato iya ƙanƙancewar jaka iya ƙarfin da ke neman rufe ta. Bugu da ƙari, da haka abin yake, da ƙananan jakunkuna sun riƙa juye iskarsu cikin manya har su manne. Amma ga mu muna numfashi cikin barci ba tare da wata wahala ba. Dole akwai wani abu a cikin huhu da ke yin aikin da sabulu ya yi wa allurarmu.

A 1929 wani likita a ƙasar Suwizalan, Kurt von Neergaard, ya nuna cewa cika huhu da ruwa ya fi cika shi da iska sauƙi, domin idan babu iska babu yana. Ba a kula da aikinsa ba har shekaru fiye da ashirin. A 1955 Richard Pattle, a Ingila, ya lura cewa ƙananan ƙwayoyin kumfar da ke fitowa daga huhu kan daɗe ba su ɓace ba, saɓanin kumfar jini ko ta sabulu. Alamu sun nuna akwai wani sinadari. Saura a auna shi, kuma a nan ne maganar ƙera na'ura ta taso.

Ɓalli, zobe da kwami

Hanyar da ta fi sauƙin fahimta ita ce ta Ludwig Wilhelmy, Bajamushe, wadda aka buga a 1863. A rataye siririn ɓalli a tsaye a jikin mizani, a sauko da shi har bakinsa ya taɓa ruwa. Ruwan zai hau jikin ɓallin ya riƙa jan sa ƙasa. A auna ƙarfin jan, a raba da tsawon kewayen ɓallin, an sami tsauri. Ɓalli mai faɗin santimita 2 kewayensa kusan santimita 4 ne, tun da ruwa na kama shi gaba da baya. Jan da ruwa zai yi masa bai wuce nauyin giram 0.29 ba. Wannan ne ƙalubale na farko ga mai ƙera na'urar: abin da ake nema bai kai sulusin giram ba, ana kuma so a gane bambancin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ɗan nauyin ba. Akwai sharaɗi na biyu. Lissafin yana tafiya daidai ne kawai idan ruwa ya jiƙa ɓallin sosai, ya kwanta a jikinsa. Shi ya sa ake yin ɓallin da filatinam mai kaushi, ana ƙona shi a wuta har ya yi ja kafin kowane awo, ko kuma a yi amfani da sabuwar takardar tace ruwa. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini.

A 1919 Pierre Lecomte du Noüy, Bafaranshe da ke aiki a Cibiyar Rockefeller a birnin Niyu Yok, ya fito da na'ura mai zobe. Ana nutsa zoben filatinam a ruwa, a riƙa ɗaga shi a hankali ta hanyar murɗa wata siririyar waya, har yanar ta tsinke. Iya murɗin da aka yi shi ne awon. Ya yi amfani da ita wajen binciken ruwan jini, kuma ta yaɗu a ɗakunan gwaje-gwaje saboda saurinta. Sai dai zoben kan ɗago ɗan ruwa tare da shi, wanda ke ƙara nauyi, har sai da Harkins da Jordan suka buga jadawalin gyaran lissafin a 1930. Ga mai binciken huhu kuwa aibinta ya fi haka: tana tsinka yanar da ake son a auna, kuma lamba ɗaya take bayarwa. Huhu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana buɗewa yana rufewa. Na'urar da ba ta iya matse yana da sake ta ba za ta ga abin da ke faruwa ba.

Wadda ta fara warware wannan matsala ba ta taɓa shiga jami'a a matsayin ɗaliba ba. Agnes Pockels, a garin Braunschweig na Jamus, tana zaune gida tana jinyar iyayenta, ta lura da yadda maiƙo ke canza halin ruwan wanke-wanke. Ta sami kwamin kwano mai tsawon santimita 70, faɗin 5, zurfin 2, ta cika shi taf da ruwa, ta gitta wani siririn ɓallin kwano a bisansa. Idan ta tura ɓallin, yanar da ke gabansa ta matsu, ta bayansa ta saki. Tsaurin kuwa tana auna shi ne da ƙarfin da ake bukata a ɗaga wani ɗan faifai kamar maɓalli daga saman ruwan da ƙaramin mizani. Ta rubuta wa Lord Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya sa aka buga ta a mujallar Nature a 1891. Irving Langmuir na Amurka ya inganta kwamin a 1917, ya kuma sami kyautar Nobel a 1932 saboda aikinsa kan kimiyyar saman abubuwa. Yau sunansa ne aka fi kiran na'urar da shi, wanda a ganina an rage wa Pockels haƙƙinta.

Awon da ya canza likitancin jarirai

John Clements, likita a wata cibiyar bincike ta soja a jihar Maryland, shi ne ya haɗa kwamin da ɓallin Wilhelmy don aikin huhu. Ya zuba ruwan da aka tatso daga huhu a kwami, ya riƙa tura shingen gaba da baya kamar yadda ƙirji ke hawa da sauka, ɓallin kuma yana rataye yana ba da awo ba tare da an tsinka yanar ba. A sakamakon da ya buga a 1957, tsaurin ya kai sama da 40 idan an saki yanar, ya sauka zuwa wajen 10 idan an matse ta. Sabulu ba ya yin haka. Shi yakan rage tsauri ya tsaya kusan wuri ɗaya. Sinadarin huhu kuwa, wanda ake kira safaktan, tsaurinsa na bin girman fili, kamar yadda makaɗin kalangu ke canza ɗamewar fata da matsin hammata, sai dai a nan matsewa sassauta tsauri take yi. A koma lissafinmu na baya. Idan jaka ta ragu zuwa milimita 0.05 amma tsaurin ya sauka zuwa 5, matsin da ake bukata santimita 2 ne na ruwa maimakon 28.

Mary Ellen Avery, likitar yara, ta ziyarci Clements ta ga na'urarsa, ta koma Jami'ar Harvard ta haɗa irinta tare da Jere Mead. Suka auna ruwan huhun jariran da suka rasu. Na waɗanda ciwon ƙuncin numfashi na bakwaini ya kashe, tsaurinsa ba ya sauka sosai ko an matse shi. Na waɗanda suka rasu da wasu dalilai yana sauka. Suka buga wannan a 1959. Kafin nan likitoci da dama sun ɗauka wani abu ne ya shiga huhun ya toshe shi. Awon ya nuna cewa wani abu ne babu. Ƙwayoyin huhu kan fara yin safaktan ne wajen mako na 24 na ciki, ba ya kuma wadata sai wajen mako na 34 zuwa 35. Jaririn da ya zo kafin nan, kowane numfashi sai ya sake buɗe jakunkunan da suka manne, har ƙarfinsa ya ƙare. Ciwon bai bar gidan kowa ba. A watan Agusta na 1963 ya kashe Patrick, ɗan shugaban Amurka John Kennedy, kwana biyu da haihuwarsa.

Daga kwami zuwa ƙwayar kumfa

Kwamin yana da nasa matsaloli. Yana bukatar ruwa da yawa, shingen ba ya saurin numfashi, riƙe shi a digiri 37 da danshi irin na huhu yana da wuya, kuma idan an matse yanar sosai takan zurare ta ƙarƙashin shingen ko ta hau bango. Zurarar nan mugun abu ce ga mai awo, domin takan sa safaktan mai kyau ya yi kama da maras kyau.

A 1977 Goran Enhorning ya bayyana wata dabara: maimakon fili mai faɗi, a yi jakar iska ta gwaji. Ana zuba ɗigon samfuri a ɗan ƙaramin ɗaki na roba, a busa ƙwayar kumfa ɗaya a bakin siririn bututu da ke buɗe ga iskar waje. Wani ɗan famfo yana sa rabin faɗin ƙwayar ya riƙa kai da komo tsakanin milimita 0.55 da 0.40, sau 20 a minti, a zafin jiki. Na'urar ba ta auna tsauri kai tsaye. Matsi take aunawa, tun da an san girman ƙwayar, sai a juya lissafin Laplace a fitar da tsauri. Dabara ce da ɗalibi ya kamata ya riƙe: idan abin da ake nema yana da wuyar kamawa, a nemi wani abu mai sauƙin awo da ke da tabbatacciyar dangantaka da shi. Amma ita ma yanar takan gudu ta hau cikin bututun. A 1989 Samuel Schürch da abokan aikinsa a Calgary ta Kanada suka kawar da bututun gaba ɗaya. Suka bar ƙwayar iska tana shawagi a rufaffen ɗaki, ta jingina da rufi mai laushi na agaros, suna ƙara matsi suna ragewa, suna ɗaukar hotonta. Ƙwaya mai tsauri da yawa takan yi zagaye, mai ƙarancin tsauri takan baje kamar waina. Daga tsayinta da faɗinta ake lissafa awon. Da wannan na'ura aka tabbatar cewa safaktan mai kyau na iya saukar da tsauri kusa da sifili.

Da irin waɗannan na'urori ake tantance safaktan da ake yi don magani. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Akita ta Japan ya ba da rahoton jarirai 10 da aka zuba wa safaktan da aka samo daga huhun shanu ta bututun numfashi, kuma numfashinsu ya gyaru. A 1990 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, Exosurf, wanda Clements ya haɗa.

Ba kowane gwaji ke bukatar na'ura mai tsada ba. A 1972 Clements da abokansa suka fito da gwajin girgiza: a haɗa ruwan mahaifa da etanol a kwalbar gwaji, a girgiza na daƙiƙa 15, a ajiye minti 15. Etanol na kashe kumfar yawancin abubuwa amma ba ya kashe ta safaktan, don haka idan zoben kumfa ya rage a gefen kwalbar, alama ce huhun ɗan tayi ya nuna. An rage amfani da gwaje-gwajen nunar huhu yanzu, amma tunanin da ke cikinsa abin koyi ne. Akwai ma wanda ya girme shi, gwajin Hay: a barbaɗa garin farar wuta a kan fitsari. A fitsarin mai lafiya garin zai yi iyo. Idan akwai gishirin matsarmama a ciki, kamar yadda kan faru a wasu nau'o'in shawara, tsauri ya ragu, garin sai ya nutse. Allurarmu ce dai da sabulu.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu a 2020, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Safaktan na kwalba yana da tsada. Amma tun 1972 Liggins da Howie a Niyu Zilan suka nuna cewa allurar sitiroyid da aka yi wa uwa kafin haihuwa na hanzarta nunar huhun ɗan tayi. Wani babban gwaji na Hukumar da aka buga a 2020, wanda aka yi a asibitocin Bangaladash, Indiya, Kenya, Nijeriya da Pakistan, ya nuna cewa allurar deksametason na rage mutuwar irin waɗannan jarirai idan an tantance watannin ciki da kyau, kuma akwai kulawar da ta dace bayan haihuwa. Aikin likita ne a asibiti, ba abin saye a kanti ba.

Mu ƙera tamu a aji

Malami zai iya haɗa mizanin Wilhelmy da kayan da ke kusa. A sami miƙaƙƙen sillen kara mai tsawon santimita 30, a soke allura a daidai tsakiyarsa, a ɗora bakunan allurar biyu a kan gefunan kofuna biyu na gilashi don sillen ya riƙa lilo ba tare da gogayya ba. A gefe ɗaya a rataye siririn gilashin nan mai faɗin milimita 22 da ake rufe samfuri da shi a madubin ƙara girma, da zare da ɗan salatif, bakinsa na ƙasa a kwance daidai. A ɗaya gefen, a nisa ɗaya daga allurar, a rataye ɗan faranti na takarda. A daidaita sillen da ɗan yumɓu har ya tsaya a miƙe.

Duwatsun awo kuwa daga takarda za a yanka su. Takardar buga rubutu da aka rubuta 80 a jikin kunshinta, nauyin kowace murabba'in mita ɗaya giram 80 ne, ke nan murabba'in santimita ɗaya miligiram 8 ne. A yanka guda sittin daidai wa daida. A wanke gilashin da sabulu, a ɗauraye shi sosai, a goge da sifirit, kada a sake taɓa shi da hannu. A ɗago kofin tsabtataccen ruwa har ya taɓa bakin gilashin, sannan a riƙa ɗora takardun ɗaya bayan ɗaya da hantsaki har gilashin ya ƙwace. Kewayensa milimita 44 ne, don haka lissafi ya ce jan zai kai giram 0.32, wato takardu kusan 40. Da ruwan sabulu mai tsauri wajen 30, takardu 17 ko kusa da haka za su isa.

Da wuya a sami 40 cif a karon farko, kuma a nan darasin yake. A rufe taga a kashe fanka, domin iskar da ba ta isa kaɗa gashi ba ta isa ta girgiza mizanin. A maimaita kowane awo sau biyar, a rubuta duka, har da wanda bai yi daɗi ba. Idan lambar ta yi ƙasa sosai, a fara zargin datti a gilashi ko a kofi kafin a zargi lissafi, domin ƙazanta rage tsaurin ruwa take yi. A gwada na'urar da ruwa biyu da aka san tsaurinsu, tsabtataccen ruwa da etanol, kafin a yarda da abin da za ta faɗa game da na uku. Etanol ya kamata ya ba da takardu wajen 12, kuma a nisanta shi daga wuta. Daga nan ɗalibai su auna ruwan randa mai sanyi da ruwa mai ɗumi, su ga ko mizaninsu na iya gane bambancin. Tsakanin digiri 20 da 60 tsaurin ruwa kan ragu da kusan 6 zuwa 7, wato takardu uku ko huɗu. Ƙungiyar da mizaninta bai nuna wannan ba, sai ta duba allurar da sillen ke lilo a kanta, ta kuma yanka kowace takarda gida biyu ta sake gwadawa.